Wannan Ba Aikina Ba Ne

Darasi domin iyalan masu bi

Karatu: Nehemiya 2:11-18, 3:1-32, 6:15-16
Ayar haddacewa: Karin Magana 1:5

Kafin a fara wannan darasi, maigida ya tara iyalinsa, manya da yara. Wanda ya iya karatu ya karanta wuraren da aka rubuta a sama da ƙarfi, a hankali, domin kowa ya ji.

Akwai wata magana da ta zauna a bakinmu har mun daina jin nauyinta. In an kira maza su zo su ji yadda ake jiyyar yaro, sai su ce, "Wannan aikin mata ne." In an kira mata su koyi lissafin kuɗin amfanin gona, sai su ce, "Wannan na maigida ne." In an yi wa manomi zancen itatuwa, sai ya ce, "Ai na ma'aikatan gandun daji ne." Tsoho kuwa sai ya shafa gemu ya ce, "Ni na wuce lakwal, a kira yara." Dukan amsoshin nan abu ɗaya suke nufi, watau, wannan ba aikina ba ne. Ni ma na taɓa faɗin haka, ya kuwa jawo mini hasarar da ba zan manta da ita ba. Shi ya sa nake rubuta muku.

1. Abin da ya same ni

Ni tela ne, ina kuma noma kamar kowa. Karatuna bai wuce firamaren mishan ba. Sa'ad da na yi aure na sayi keken ɗinki na kaina, sai na ɗauka na gama koyon abin da nake bukata a duniya.

A farkon daminar 1996 wata 'yar'uwa ma'aikaciyar lafiya ta zo garinmu. Fasto ya yi shela a majami'a cewa ranar Laraba za ta koyar da yadda ake taimakon yaro mai zawo, ya kuma ce maza ma su zo. Uwargidana ta tafi biki garinsu a makon nan. Ranar Laraba kuwa jajiberin kasuwa ce, ɗinki ya yi mini yawa. Na bi ta bakin majami'a, na hangi mata zaune da kwanoni da cokula, na yi dariya a zuciyata, na ce, "Me tela zai yi da zancen zawon jarirai?" Na wuce.

Bayan wata biyu ɗiyarmu ta fari, mai wata goma sha ɗaya, ta kamu da zawo da amai. Tsofaffin gidanmu suka ce haƙori ne, zai wuce. Kashegari maɗigarta ta faɗa, aka kwaɓa magani aka shafa mata a ka. Wata kuma ta ce kada a ba ta ruwa da yawa, gama ruwa yana ƙara zawo. Ba wanda ya yi wannan da mugunta. Abin da suka sani ke nan, ni kuwa ban san kome ba, balle in ce a'a. A rana ta uku idanunta suka zurma, ta daina kuka. Muka ɗora ta a amalanken jaki zuwa likita. Mun isa da ranta, amma ba ta kai yamma ba.

Malamin asibitin ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Daga baya ya tambaye ni, "Me kuka ba ta ta sha cikin kwanakin nan?" Na yi shiru. Ya ce ruwan jikinta ne ya ƙare, faɗuwar maɗigar nan ma alamar haka ce. Sa'an nan ya faɗa mini abin da ake haɗawa a gida. Sukari yana ɗakina domin shayi. Gishiri yana wurin girki. Ruwa yana cikin randa. Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Na sani rai a hannun Allah yake. Amma na kuma sani Allah ya aiko da ilimin nan har ƙofar majami'armu, ni ne na raina shi. Na tuba, Ubangiji kuwa ya gafarta mini. Tun daga ran nan ban ƙara cewa wani sani ya fi ƙarfin tela ko ya kasa da darajarsa ba.

2. Abin da na ƙi koya ran nan

Ba zan ci gaba ba sai na ba ku abin da na ƙi tsayawa in ji. Maza, ku kasa kunne sosai.

Abin da yake kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Saboda haka tun zawon farko a fara mayar masa da su. Abin da ya fi kyau shi ne ƙunshin garin da ake samu a likita, wanda ake kira SRO. A zuba ƙunshi ɗaya cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 shafaffu, da gishiri rabin cokalin shayi, a motsa. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye, gama gishiri mai yawa yana da hatsari. Sukarin yana taimakon hanji ya shanye gishirin, ruwa kuwa yana bin gishiri zuwa cikin jiki. Shi ya sa ake haɗa su biyu.

A riƙa ba yaro kaɗan kaɗan da cokali. In ya yi amai, a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Kada a hana shi nono ko abinci. Abin da ya kai kwana ɗaya a zubar, a haɗa sabo. A likita a roƙi ƙwayar zinc, wadda ake ba yaro kwana 10 zuwa 14. In kuwa akwai jini cikin bayan gida, ko zazzaɓi, ko yaro ya kasa sha, ko idanu sun zurma, ko jikinsa ya saki, a kai shi likita nan da nan, ana ba shi ruwan a hanya.

Koyon wannan bai kai rabin sa'a ba. Cikin shekarun da suka biyo baya an sha ƙwanƙwasa ƙofata da dare saboda shi, waɗansu yaran kuwa yau suna da nasu 'ya'ya.

3. Maƙeran zinariya a bakin garu

Yanzu mu koma ga karatunmu. Nehemiya ba magini ba ne. Shi mai shayarwa ne a fādar Sarki Artashate na Farisa, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu. Da ya ji labari garun Urushalima yana rushe, ƙofofinta kuma a ƙone, ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a, sa'an nan ya roƙi izinin sarki ya tafi. Ku lura da abin da ya fara yi da ya isa. Bai tara jama'a ya yi musu jawabi ba tukuna. Ya fita da dare ya zagaya kangon, ya duba da idonsa. Mutumin fāda ya fara koyon aikin gini.

Sura ta 3 cike take da sunaye, shi ya sa mutane da yawa sukan tsallake ta. Kada ku tsallake. Ku duba su wane ne suka yi ginin. A aya ta 1 babban firist Eliyashib da 'yan'uwansa firistoci ne, mutanen da aikinsu hadaya ne da addu'a. A aya ta 8 ga Uzziyel maƙerin zinariya, kusa da shi ga Hananiya mai yin turare. A aya ta 12 ga Shallum, mai mulkin rabin yankin Urushalima, shi da 'ya'yansa mata. A aya ta 14 wani mai sarauta ne ya gyara ƙofar da ake fitar da juji ta cikinta. A aya ta 32 ga 'yan kasuwa.

Ku yi tunani. Hannun da ya saba da ƙira ta zobe ya ɗauki dutse. Hancin da ya saba da ƙanshin turare ya shaƙi ƙura. 'Yan mata 'ya'yan sarauta suka tsaya cikin tarkace. Tilas ne su tambayi wanda ya fi su sani, su yi kuskure, a gyara musu, wataƙila ma a yi musu dariya. Amma da kowa ya ce a jira magina, da garun ya daɗe a kwance. Da yake sun yarda su koyi abin da ba sana'arsu ba, aikin ya ƙare cikin kwana 52.

Akwai waɗanda suka ƙi. Aya ta 5 ta nuna mana manyan Tekowa ba su sa hannu ba. Talakawan garinsu suka yi rabonsu, har suka ƙara wani a aya ta 27. Labarin ƙin da manyan nan suka yi kuwa yana nan a rubuce har wa yau. Ya ku dattawa 'yan'uwana, wannan aya tamu ce. Girman kai ya fi saurin kama mai furfura.

Ku lura da abu ɗaya kuma. A ayoyi na 23 da 28 mutane sun gyara wurin da yake daura da gidajensu. Kowane gida a cikinmu yana da garu mai tsare shi, kowane garu kuma yana da giɓi. Giɓin shi ne abin da ba wanda ya sani a gidan. A wani gida ba mai iya karanta takardar magani. A wani ba mai iya lissafin bashi. A gidana giɓin shi ne jiyyar yaro, ta nan kuwa mutuwa ta shigo.

4. Manoman da suka koyi aikin itatuwa

Ga misali daga ƙasarmu. Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna yadda gonakin jihar Maradi suke kafin yunwar 1984. Manomin kirki a lokacin shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ya sassabe kowane toho ya ƙone. Iska takan tashi ta binne shuka da rairayi, har a yi shuka sau biyu ko uku. Mata suna tafiya mai nisa neman icen girki. Mun ɗauka zancen itace na gwamnati ne da Turawa masu dashe.

Wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi karatun aikin gona, ya zo Maradi yana dasa itatuwa, yawancinsu kuwa suna mutuwa. A 1983 ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi. Ya ga wani ɗan toho, irin wanda ya sha wucewa bai kula ba. Da ya duba ganyen da kyau, sai ya gane ba ciyawa ba ce. Itace ne da aka sare, kututturen da saiwarsa suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ashe gonakinmu cike suke da irinsa. Mai ilimi ya sunkuya ya koya daga kututture.

Abin da ya biyo baya shi muke kira sassabin zamani. Maimakon a sassabe toho duka, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, a yanke sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi, a tsare su daga dabbobi da wuta. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta yi zurfi, itacen yana girma da sauri fiye da dashe. Sabara, kalgo, gawo, magarya da aduwa duk suna tohuwa haka. Gawo kuwa abokin manomi ne, gama yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Waɗanda suka fara, an yi musu ba'a, an ce ƙazaman manoma ne. A lokacin yunwa mutane da yawa suka bar itatuwa domin a ba su abinci, da taimakon ya ƙare kuwa da yawa suka sare. Amma waɗansu suka riƙe, gama sun ga amfanin da idonsu. Maƙwabci ya koya daga maƙwabci. Masu bincike da suka duba hotunan sama suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman jihohin Maradi da Damagaram. Manoma ne suka yi wannan, maza da mata, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Sun dai yarda su koyi abin da dā suke cewa ba aikinsu ba ne.

5. Daga wurin wa za mu koya?

Wani zai ce, "Na yarda in koya, amma daga wurin wanda ya fi ni." Littafi Mai Tsarki ya rushe wannan tunani.

Musa ya yi karatu cikin dukan hikimar Masarawa, ya kuma yi magana da Allah. Duk da haka surukinsa Yetro, firist na Madayana, ya gan shi yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya faɗa masa zai gajiyar da kansa da jama'a. Ya koya masa ya naɗa shugabanni a kan dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin da goma goma. Musa ya haura shekara 80 a lokacin, ya kuwa karɓa (Fitowa 18). Gemu ba ya hana ilimi.

Na'aman sarkin yaƙin Suriya ne, amma 'yar ƙaramar baiwa ce ta nuna masa inda zai sami warkewa daga kuturta, barorinsa kuma su ne suka lallashe shi sa'ad da ya yi fushi (2 Sarakuna 5). Afolos mutumin Iskandariya gwanin magana ne, ya san Littattafai ƙwarai, amma Bilkisu da Akila, mace da mijinta masu ɗinkin alfarwa, suka ja shi gefe suka ƙara masa haske, bai kuwa ƙi ba (Ayyukan Manzanni 18:24-28).

To, ka koya daga matarka. Ka koya daga ɗanka ɗan lakwal, ka ce ya nuna maka yadda ake karanta lambobi a wayar hannu da takardar asibiti. Yaro kuma ya zauna wurin kakarsa ya koyi sunayen ganyayen daji da ake ci a shekarar yunwa, gama da tsohuwar zuma ake magani. Ka koya daga Bafulatani makiyayi yadda ake gane dabba marar lafiya tun ba ta kwanta ba.

Ka koya daga maƙwabcinka ko da ba mai bi ba ne. Yakuba Sawadogo manomi ne a yankin Yatenga cikin Burkina Faso, ba Kirista ba ne. Ya inganta tsohuwar dabarar haƙa ramuka a fako tun da rani, a zuba taki a ciki. Gara takan zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan sama ya taru a ramin ya nutse maimakon ya gudu. A 1989 waɗansu manoma daga Illela ta jihar Tawa suka je Yatenga suka gani, suka dawo suka gwada. Abin da muke kira tassa ke nan, wadda ta mai da fako gona a wurare da yawa. A 2018 aka ba Sawadogo da Rinaudo babbar lambar yabo iri ɗaya a ƙasar Suwidin. Sawadogo ya rasu a 2023. Ishaya 28:24-29 ta koya mana cewa dabarar manomi ma daga wurin Ubangiji take fitowa. Wanda ya raina sani saboda bakin da ya kawo shi, kyautar Allah ya raina.

6. Hatsari biyu

Hatsari na fari shi ne karɓar kowace magana. A kasuwa akwai masu tallar magani ɗaya da suke cewa yana warkar da ciwo ashirin. A wayoyinmu kullum ana turo muryoyin mutanen da ba mu san su ba. Mai koyo na gaskiya ba mai haɗiye kome ba ne. Manzo Bulus ya umarci Tasalonikawa su gwada kowane abu, su riƙe mai kyau (1 Tasalonikawa 5:21). Mutanen Biriya ma an yabe su domin sun bincika Littattafai kowace rana su ga ko wa'azin Bulus gaskiya ne. Saboda haka ka yi tambaya uku. Wane ne ya faɗa, aikinsa ne kuwa? Yana so ya sayar mini da wani abu ne? Zan iya gwadawa a ɗan ƙaramin wuri tukuna? Sabon iri, ka shuka shi a kusurwar gona, ka gwada da naka. Amma magani ba a gwada shi a jikin yaro. Wannan sai a tambayi ma'aikacin lafiya.

Hatsari na biyu shi ne kumbura. Wani ya koyi abu kaɗan, kashegari ya sayi allura ya zama likitan gari. Wannan kisan kai ne da sunan taimako. Ni na iya haɗa ruwan gishiri da sukari, na kuma san alamun da in na gani zan ce, "Ku tashi mu tafi likita yanzu." Iyakata ke nan. Sanin inda saninka ya tsaya, shi ma babban ilimi ne. A 1 Korantiyawa 8:1 an gargaɗe mu cewa sani shi kaɗai yakan sa fahariya, ƙauna ce take gina mutane. Muna koyo domin mu yi wa iyalinmu da maƙwabtanmu hidima, ba domin a kira mu masana ba.

7. Yadda za mu fara

Rani yana da tsawo. Bayan an kai amfani rumbu, maza da yawa muna kashe watanni a gindin itace muna hira. Ga shawarata.

Na ɗaya, iyali su zauna su tambayi juna, "Ina giɓin garunmu? Wane abu ne in ya taso cikin dare ba wanda ya san yadda za a yi?" A zaɓi abu ɗaya tak domin wannan rani.

Na biyu, a nemi wanda ya sani, a je wurinsa da ladabi. Matambayi ba ya ɓata. In ya yi bayani ba ka gane ba, ka ce ya sāke. Kunyar minti ɗaya ta fi nadamar shekara talatin sauƙi, ni shaida ne.

Na uku, wanda bai iya karatu ba ya fara da shi, gama shi ne ƙofar sauran. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki cikin Hausa tun 1932, abin baƙin ciki ne mai bi ya tsufa yana jiran wani ya karanta masa. Na ga wata gwauruwa mai jikoki ta fara a, ba, ca a ajin yaƙi da jahilci na majami'armu. Bayan rani biyu ta tsaya gaban jama'a ta karanta Zabura 23 da bakinta.

Na huɗu, a sayi ɗan littafin rubutu na gida. A rubuta tiya nawa aka shuka, dami nawa aka samu, nawa aka ci bashi, yaushe aka yi wa yaro allurar rigakafi. Maigida da uwargida su duba shi tare.

Na biyar, dattawan ikilisiya su keɓe yamma ɗaya a wata domin musayar sani. Wannan wata ungozoma ta koyar, maza suna zaune. Wata mai zuwa mai gyaran keke ko famfo ya koyar, mata suna zaune. Wani ya nuna yadda ake ajiye wake a buhu mai riɓi uku, a ɗaure kowane ɗaya tam domin iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba guba ba. A gayyaci maƙwabta duka. Abin da ka koya kuma ka koya wa mutum ɗaya kafin mako ya ƙare, gama ta haka yake zama a kai.

Manzo Bulus yana kurkuku, ya tsufa, ya san mutuwarsa ta yi kusa, amma ya aika wa Timoti ya kawo masa littattafai da fatun rubutu (2 Timoti 4:13). In shi bai ce ya gama ba, wane ne a cikinmu zai ce ya gama?

8. Babban Malami

Kalmar almajiri ma'anarta mai koyo. Yesu ya kira masunta da mai karɓar haraji, ya koya musu aikin da ba su taɓa yi ba. Nikodimu babban malami ne a Isra'ila, amma ya zo da dare ya zauna kamar ɗan makaranta, ya ji cewa dole a sāke haifar mutum (Yahaya 3). A Matiyu 11:28-30 Ubangiji yana kiran masu wahala da masu nauyin kaya su zo su yi koyi da shi, domin su sami hutawa.

Ya mai karatu, wataƙila ka ce zancen ceto aikin fasto ne. Wannan shi ne giɓi mafi girma. Ba wanda zai tuba a madadinka. Yesu ya mutu domin zunubanka, ya tashi daga matattu, yana kuwa karɓar duk wanda ya zo da tawali'u. Zuciyar da ta yarda ta ce wa Allah, "Ban sani ba, koya mini," ba za ta ji kunyar faɗa wa ɗan'adam haka ba.

Tambayoyi domin iyali

1. Ku ambaci sana'o'i huɗu na waɗanda suka gina garu a Nehemiya 3.
2. Me manyan Tekowa suka yi? A wane hali muke kama da su?
3. Kowa a gidan ya faɗi da ka yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Waɗanne alamu ne suke nuna a tafi likita nan da nan?
4. Daga wurin wa Musa, Na'aman da Afolos suka koya? Akwai wanda kake jin kunyar tambayarsa?
5. Wane abu ɗaya gidanku zai koya a wannan rani, wurin wa kuma?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai ne tushen dukan sani. Ka gafarta mana girman kai da ƙyuya da suka hana mu koyo. Ka nuna mana giɓin da yake a gidajenmu. Ka ba mu kunnen ji, ko daga bakin yaro ne, da hankalin rarrabe gaskiya da ƙarya. Ka sa abin da muka koya ya zama taimako ga maƙwabtanmu, ya kuma jawo yabo ga sunanka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.